Ƙaho a Gaban Kunnen Alhaji

Shekarun da kuɗin mai suka haukata gari, Alhaji Abdulwahabu na Ƙofar Atiku, mai kai wa barikin soja yadin kaki, ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, baki ya karkace. Ɗansa Lawali ne ya raka shi Turai. Aka ce hanyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Likitoci suka huda ƙoƙon kai, suka jawo jijiyar gaban kunne suka ɗinke ta da ta ciki. Likita ya ɗora yatsan Lawali a wurin, ya ji tana harbawa.

"Ran babanka ke nan. Kada komai ya taɓa ta."

Da suka dawo, Lawali ya yi ta gargaɗin mutanen gida har ya gundure su. Mutum ɗaya ya manta bai gaya wa ba: Mode wanzami, tsohon da ya yi wa shi Lawali kaciya. Shi kuwa Alhaji taurin kai gare shi ba na wasa ba. In kai ya yi masa nauyi, ƙaho ne magani, Bature ya je can ya ƙarata.

Wata Laraba da hantsi Lawali ya shigo zaure ya tarar da Alhaji da Mode a tabarma. An aske gefen kan, ƙaho ya tattaro fata, Mode ya durƙusa da aska a hannu.

"Ka ga jijiyag ga, Alhaji? Mataccen jini na. Yanzu nika hiddo shi."

Tsoro ya rufe wa Lawali ido. Bai ce uffan ba, ya suri kujerar katako ya maka wa tsoho a ƙeya. Mode ya kife a kan Alhaji, askar na hannunsa. Lawali ya fizgo shi, ya naushe shi, ya tattaka shi, ƙahonni suka watse, haƙori ya faɗi a tabarma. Bai daina ba sai da ya ji ɗumi a ƙafarsa.

Jini ke tsartuwa daga gaban kunnen Alhaji har bango. Lawali ya danne da tafi biyu yana kururuwar a kawo mota. Bakin uban ya fara karkacewa, hannun dama ya saki.

Mode ya ɗago da ƙyar, ya tofar da jini.

"Ban kai ga tsagawa ba, ɗana. Da magana ka yi, da na aje askar."