Kofi Bakwai na Doña Saturnina

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na wurinki.

Kofin ya riga ya iso hannun Fermín kafin ya samu abin faɗa. Lahadi ce a garin Espinar, an gama ɗora rufin sabon gidan Don Anacleto, tsakar gida cike da jama'a. Kofi ɗaya ne ke zagayawa. Mai gida ya cika maka da giyar masara, ka ɗiga wa ƙasa rabonta, ka shanye, ka miƙa. Wanda ya mayar da kofi cike kuwa, ya ci mutuncin mai gida ke nan.

Shi kuma Fermín direba ne, shi ke kai ma'aikata arba'in mahaƙar tagulla can saman dutse, kuma ƙarfe huɗu na yamma zai ɗauki mota. A ƙofar kamfani sai ka hura wata 'yar na'urar gwajin giya kafin a ba ka makulli. Bara ya hura ta nuna ja, aka dakatar da shi wata guda. In ta sake nunawa, kora ce, ba sauraron bayani. Ga matarsa Dionisia da cikin wata bakwai.

"Ɗana, kofin nan ba ƙwai ba ne da za ka kwanta a kansa," in ji Don Anacleto, wanda shi ya tsaya musu uban aure a coci.

"Padrino, ka yi haƙuri, yau ina da aiki."

"Aiki! Kamfani ne ya aurar da kai? Rufina zai tsaya ba albarkarka ke nan?"

Wani daga baya ya ce, "Ku ƙyale shi, na'ura ba ta ba shi izini ba!" Aka kwashe da dariya.

Fermín ya ɗiga wa ƙasa nata. Har ya fara ɗaga kofin zuwa baki, sai ya ji an fizge shi. Surukarsa ce, Doña Saturnina, ta taso daga wurin tukunyar dankali. Tsohuwa mai shekara sittin da takwas, wadda tun ranar auren 'yarta ba ta taɓa yi masa magana mai daɗi ba.

Ta ce, "A ƙauyenmu, in mutum zai hau alfadari ya ratsa dutse, matarsa ke sha masa. 'Yata na da ciki. Ni na haifi matar, ni zan sha."

"Haba Doña, ai wannan tun zamanin kakanni aka bar shi," in ji Don Anacleto.

"Ni ma tun zamanin nake, ga ni kuma a tsaye. Kai dai zuba, Anacleto."

Ta kafa kai ta shanye. Wallahi sau bakwai kofin nan ya zo kan Fermín, sau bakwai ta karɓe. A na huɗu ta fara waƙa. A na shida ta ja mai gida rawa har hularta ta faɗi, Don Anacleto yana dariya yana share hawaye. A na bakwai ta zauna kan buhun dankali, tashi ya gagara.

Fermín ya goya ta zuwa gida, mayafinta jiƙe da giya yana jiƙa masa riga. A hanya ta yi magana a bayan kunnensa.

"Kada ka ji daɗi. Ba don kai na yi ba. Mutum arba'in ɗin nan duk suna da uwaye."

"Na gode, Mamita."

"Rufe min baki, ka duba rami a gabanka."

Bai samu canza riga ba, da gudu ya isa ƙofar kamfani. Señorita Yeni, ma'aikaciyar jinyar da ke gwajin, ta toshe hanci tun daga nesa.

"Don Fermín, warin nan ya riga ka isowa. Faɗa min gaskiya tun kafin ka hura."

"Ba ni na sha ba, surukata ce."

"Na ji ƙarya iri-iri a ƙofar nan, amma taka sabuwa ce. Hura."

Ya hura, fitila ta nuna kore. Ta ɗauko wata na'urar, ya sake hurawa, kore. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye masa makulli a tafin hannu. Ya shiga mota, ya kifa goshi a kan sitiyari ɗan lokaci, kafin ya buɗe wa ma'aikata ƙofa.

Doña Saturnina ta yi kwana biyu kwance da ciwon kai, tana faɗa da duk wanda ya taɓa ƙyaure, Fermín ne ke kai mata romon kaza da kansa. Don Anacleto, in zai yi biki yanzu, yana ajiye lemon kwalba don direbobi. Dionisia ta haifi 'ya mace, aka sa mata Saturnina. Fermín kuwa yana nan yana hawa dutsen da mutanensa arba'in.