Layar Kamiyon Baba Dado

"Ku tallabe ni da kyau, ni ba buhun gero ba ne," in ji Baba Dado, sa'ad da maza uku suka fito da shi daga zaure. Muryarsa ta koma kamar zare, amma idanunsa na ta ƙyalli. Alhassan maƙwabcinsa ne ke riƙe da kafaɗunsa, yana mamakin yadda ƙaton mutum ya dawo ba nauyi.

Dado tsohon madugu ne. Ya shekara talatin yana kai gero arewa a kan raƙuma, sannan ya sayar da su ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, na farko a wannan unguwa ta Tanut. Bayan shekara huɗu ya ƙosa da abin hawan da ba ya gane muryar mai shi. Sai ya ba Alhassan, wanda dama shi ke tuƙa masa, ya karɓi raƙuma tara. An yi cinikin yadda ake yin na raƙumi: aka ɗaura akala a ƙarfen gaban motar, Dado ya miƙa wa Alhassan a gaban liman, maƙeri ya yi lalas da jan ƙarfe a jikin katakon baya. Kowa ya shaida, aka watse.

To, jiya sai wani sabon jandarma, cikin masu tsaron hanya, ya tsare Alhassan a hanyar Belbeji, ya ce ya nuna kart giris, wato takardar mallakar mota. Alhassan bai taɓa ganinta ba, don tsofaffin jandarmomi sun san motar, hannu kawai suke ɗaga mata. Sabon ya ce mota ta wanda sunansa ke takarda ce. In Dado ya rasu bai sa hannu a takardar ba, za a kafe ta a bariki ta shiga gado, ga kuwa 'yan'uwansa can Tarka waɗanda ba su san da zancen akala ba. Dado ya kwana tara ba ya shan komai sai farau-farau. Yau kuma Asabar, ƙarfe goma sha biyu ake rufe biro, wato ofishin bariki.

Da Alhassan ya tambaye shi inda takardar take, dariya ya yi har ya sarƙe. "Kai ni gaban komi, akawun bariki. Can zan nuna."

"Malam, mutumin da ake ba ruwa da ludayi ne zai hau mota?" in ji Inna Fatu matarsa, tana biye da su da ɗan bargo.

"Ke ma hau. Shekara bakwai kina cewa warin mai na juya miki ciki. Yau dai ki daure."

Aka zaunar da shi a gaba, tsakanin ta da Alhassan. Injin ya ƙi tashi sau biyu, a na uku ya yi tari ya kama, unguwa ta ɗauki sowa. Wata tsohuwar laya ta jar fata da ke rataye a wuyan madubi ta fara lilo. Alhassan ya shafa ta da bismilla, yadda ya saba kowace safiya.

"Busa musu," in ji Dado. Alhassan ya danna ƙaho. Mata masu tulu suka ja gefe, mahauta suka bar rumfa, masu awon gero suka biyo baya da tiya a hannu. Kafin su isa bariki rabin kasuwa na bayansu, ba wanda ya san abin da za a je gani, kowa dai yana son ya gani.

Komi, wani siririn saurayi mai tabarau, ya riga ya fara tattara takardunsa. Alhassan ya roƙe shi har ya fito da ɗan teburi ya ajiye a inuwar motar. Ya dubi agogonsa. "Saura minti ashirin. Ina kart giris?"

Dado ya ɗaga yatsa a hankali, ya nuna layar.

"Baba, takarda ake tambaya," in ji Alhassan.

"Ita ce. Baturen da ya sayar mini ya ce kada ta rabu da mota, ita ke tsare ta a hanya. Abin da ke tsare tafiya a hanya ai a fata ake ɗinke shi. Na kai wa baduku, har da kaza na ba shi."

Komi ya cire tabarau ya share hawayen dariya. Dariya ta bi taron daga gaba zuwa baya, waɗanda ba su ji ba suna tambaya suna yi. Alhassan kaɗai bai yi ba. Ya ari aska wurin wani wanzami, ya farke ɗinkin zare bayan zare, yana tsoron abin da zai tarar. Takardar ta fito a ninke takwas, tana warin jima, basillar baduku ta bi gefenta ba ta taɓa rubutu ko ɗaya ba.

Komi ya ja layi biyu a kanta, ya rubuta rana da sunan Alhassan, ya manna tambur, wato kan sarki, ya miƙo akwatin tawada. Hannun Dado ya taso ya faɗi. Alhassan ya kai nasa zai taimaka.

"Kada ka taɓa shi," in ji komi. "Da kansa zai sa. Baba, ka bayar da yardar ranka?"

"Na bayar tun shekara uku, yaro. Kai ne ba ka zo shaida ba."

Hannun ya sake tasowa a hankali. Babban yatsan ya sauka a tawada, ya huta, sannan ya sauka a takarda. Dado ya murza shi da kyau kamar mai kashe kaska. Komi ya buga hatimi, ya ce sabuwar takarda za ta zo daga Damagaram. Daidai nan mai gadi ya kaɗa ƙarfen tashi, aka ɓarke da guɗa.

A hanyar dawowa Dado ya ce a bi ta kasuwar raƙuma, a yi tafiya a hankali. Ya riƙe hannun rigar Alhassan yana nuna masa wanda ya kai shekara biyar da wanda aka rina wa gashi don a ruɗi mai saye. Inna Fatu ta ce ashe warin man bai kai yadda take zato ba.

Bayan la'asar Dado ya cika. Aka kai shi kafin rana ta faɗi, a kan kafaɗu, aka wuce da shi ta gefen motar.

Washegari Raishatu matar Alhassan tana tara wanki, sai ta ɗago farar rigarsa. A hannun dama akwai tambarin yatsa, shuɗi, da layukansa duka a fili.

"Wannan sai an jiƙa da toka," in ji ta.

Alhassan ya karɓi rigar, ya ninke ta, hannun a ciki. Ya fita ya mayar da jar fatar a wuyan madubi, ba komai a cikinta, ya zauna yana kallonta har ta daina motsi.