Inno da Takardar Ɗan Farinta

Shekara talatin da huɗu Inno ta yi ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. Jafaru aka raɗa masa, amma a bakinta shi "wancan" ne, ranar da ta tashi da fara'a kuma ya zama "ɗan gidan nan". Haka ta tarar uwarta na yi, haka kakarta ta yi, kuma a Unguwar Marke, ɗan ƙauyen da ke bayan Tsaskiya, ba wanda ke ganin baƙon abu a ciki. Mace mai kunya ba ta ambaton ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane. Sai dai Inno ta fi kowa tsanani. Ko mai tallar kananzir da ya ci sunan, "mai sunan wancan" take ce masa, ya zo ko kada ya zo.

To, a shekarar korona, bayan ƙaramar salla, sai ga wancan ya dawo daga Legas. Ci-rani ya je, yana dakon siminti a wurin gini, aka rufe gari, aiki ya tsaya cak. Ya maƙale a bayan tirelar da ta kai albasa kudu, ya kwana uku a hanya, ya iso gida a rame, yana wani irin tari mai fitowa daga ƙasan ƙirji.

Mai unguwa Sammani ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma rediyo ba ta bar kowa ya huta ba a lokacin. Ya tara dattawa a gindin marke, suka yanke cewa Jafaru ya zauna a bukkar gonar ubansa marigayi har a san abin da ke damunsa. Gonar kuwa tana can bakin rafi, ta gefen daji, inda 'yan bindiga ke ratsawa a kan babura. Ko sati ba a yi ba da suka kwashe shanun wani ƙauye a tsallaken rafin, suka tafi da mutum biyu. Kowa ya san wannan, Sammani ma ya sani. Ya dai ga cewa gara ran mutum ɗaya a bakin daji da cuta a tsakiyar gari.

Inno kuwa ba ta da bakin magana a kan ɗan fari. Kullum safe da yamma takan ɗauki ƙwaryar tuwo ta kai gona, ta ajiye a kan wani dutse, ta ja da baya ta kawar da kai.

"Ga tuwo nan," take cewa, kamar da dutsen take magana.

"Sannu, Inno," ya amsa daga bakin bukka, tari ya sarƙe shi.

Matarsa Zuwairatu, da cikinta na wata tara, ba ta da aiki sai kuka. Inno ta yi mata faɗa, ta ce kukan me, mutum na nan da ransa. Sannan ta zagaya bayan rumbu ta yi nata, wanda ya fi na Zuwairatu yawa.

Rana ta huɗu wata ma'aikaciyar lafiya ta iso ƙauyen a bayan babur, da takunkumi a fuska da ɗan akwatin sanyi a cinya. Ta ce sunanta Deborah, daga Batsari aka turo ta, tana bin ƙauyuka tana ɗaukar gwajin waɗanda suka dawo daga tafiya, kuma kyauta ne, ko sisi ba a biya. Nan fa maza suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don an ce duk wanda aka sa wa tsinken nan a hanci, motar asibiti ce za ta zo ta ɗauke shi, in ya mutu a rufe shi ba wanka. Da labari ya kai gona, Jafaru ya ce shi a yi masa, ko mece ce ta fi kwana a bakin rafi. Deborah ta bi shi har gona, ta zura masa tsinken auduga a hanci sai da hawaye suka zubo masa. Ta ce za a kai Katsina a duba, bayan kwana biyar a aiko wani Batsari, rumfar gwaji, ya karɓi takardar sakamako, amma kada shi ya je da kansa.

Sammani ya ce, "In takarda ta ce lafiya yake, ni da kaina zan ɗauko mashi tabarmarshi."

Da kwana biyar suka cika, sai aka rasa mai zuwa. An yi ruwa, maza sun ce shuka ta riƙe su, gaskiyar magana kuma rumfar gwajin suke tsoro. Inno ta yafa mayafinta ta ce za ta Batsari sayen kanwa. Duk garin an san kasuwar Batsari a rufe take, amma ba wanda ya tanka mata. Ta jera ƙwan zabi goma sha biyu cikin ƙwarya ta rufe da faifai, don ita ba ta yarda akwai abin da hukuma ke bayarwa kyauta ba. Ɗanjummai mai acaba, wani magidanci da ba ya tsoron hanya, ya ɗauke ta.

A Batsari ta tarar da rumfar a gaban wani ɗakin shan magani, da bokiti mai famfo da sabulu a bakin shiga. Mutane sun yi layi nesa-nesa da juna, yawancinsu 'yan gudun hijirar da suka cika makarantun garin. Ta wanke hannu yadda aka nuna mata, ta bi layi har ta iso gaban wani malami mai tabarau da tulin takardu a kan tebur.

"Baba, sunan mai gwajin?"

Wallahi duk tsawon hanyar nan ba ta kawo wannan tambaya a ranta ba. Ta ɗauka za ta ce daga Unguwar Marke take, a miƙo mata.

"Wancan na wajena ne," ta ce a hankali.

"Wanne?"

"Wanda ya dawo daga Ikko. Dogo, mai tari."

"Baba, rabin takardun nan na dogaye ne masu tari. Sunansa nake tambaya."

Wasu a layi suka kwashe da dariya. Malamin ya share gumi ya ce to ta faɗi sunan ubansa. Nan ma Inno ta kalli ƙasa, don uban ai mijinta ne, kuma shekara goma da rasuwarsa ba su sa ta fara kiran sunansa ba. Malamin ya ce shi doka aka ba shi, ba ya miƙa sirrin mutum sai an faɗi suna, ta matsa gefe ta tuna. Ta tuna! Sunan da take kwana da shi take tashi da shi.

Ta koma gindin darbejiya ta tsuguna da ƙwaryarta. Ta buɗe baki ta gwada, ita kaɗai, harshe ya ƙi. Ɗanjummai da zai faɗi sunan a madadinta ya tafi neman mai, ya ce sai bayan azahar, rumfar kuma da azahar ake tashi, sai wani satin. Takaici ya cika ta, ta ji haushin kanta, ta ji haushin uwarta da kakarta gaba ɗaya.

Sai ta ji an ce, "Gwaggo, ba ke ce ta Unguwar Marke ba? Mai kai tuwo gona?"

Deborah ce, ta fito daga ciki tana cire safar hannu. Inno ta gaishe ta, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi gajiyar rannan, duk kafin ta iya cewa an hana ta takarda.

"Mi ya hana?"

"Suna suka ce."

Deborah ta dube ta, ta dubi malamin, sai idanunta suka yi dariya a saman takunkumi. "Ɗan fari ne ko?"

Inno ta kawar da kai, wanda shi ne amsar.

"Gwaggo, ni 'yar Yasore ce. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Bulus ba, shi ne babban wanmu. Ko a coci aka karanto sunan cikin littafi, sai ki ga ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Zauna nan, ina zuwa."

Ta je ta yi magana da malamin, ta ce ita ta ɗauki gwajin da hannunta, ta san mai shi, ta san uwarsa. Ta zaro takardun ɓangaren Safana, inda ƙauyen su Inno yake, ta dawo ta tsuguna nesa kaɗan da Inno. Ta ce a ranar mutum tara ta gwada a ƙauyuka huɗu, ba ta son ta yi kuskure, don haka za ta karanta sunaye, ita kuma Gwaggo ba sai ta ce komai ba. Ta fara karantawa a hankali, tana ɗan dakatawa bayan kowane suna. Na farko ya wuce, na biyu, na uku. Da ta ce, "Jafaru Ya'u," sai Inno ta miƙa hannu ta dafa ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"To, Gwaggo, ki gode wa Allah. Ba ya da korona."

Inno ta ce a sake faɗa, aka sake. Deborah ta ce tarin mai yiwuwa ƙurar siminti ce, amma a kawo shi ranar Litinin a duba ƙirjinsa, shi ma ba a biyan komai. Ta juya bayan takardar ta rubuta wa mai unguwa bayani da Hausa, manya-manyan baƙaƙe, don kada a tsaya neman mai karanta Turanci.

Inno ta tura mata ƙwaryar ƙwai. Deborah ta turo mata abinta. Suka yi ta turawa har faifan ya zame.

"Ɗiyata, ki karɓa, kada ki kunyata ni."

"Gwaggo, kyauta ne aka ce, kuma kyautar ce. Ki dafa wa mai tari, ya fi ni buƙata."

Inno ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta yi addu'a har malamin tabarau ya ɗago kai ya ce amin. Ta roƙa wa Deborah tsari a kan hanyoyin da take bi, ta roƙa wa uwarta rahama, matar da ba ta taɓa gani ba amma ta san sun fahimci juna. Ta roƙa wa duk wanda ya kafa rumfar nan, ko wane ne shi. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka kusa gida. A Tsaskiya wani mai faci ya tsayar da Ɗanjummai ya ce su yi hankali, an ga babura shida sun gangara wajen rafi da rana. Inno ta ce kada ya bi ta cikin gari, ya kai ta gona kai tsaye. Ya sauke ta a bakin gonar, ta nufi bukka da sauri, ƙwarya a hannu.

Bukkar ba kowa. Tabarma na nan a shimfiɗe, buta ta kife, takalminsa ɗaya a bakin ƙofa, ɗayan can tsakanin kunyoyin gona.

"Kai!" ta kira. "Wancan!"

Shiru, sai kukan kurciya.

"Ɗan gidan nan!"

Ta zagaya bukkar, ta leƙa rafi, ta dawo. Ta ga sawun babur a kan rairayi, ba ta tsaya tunanin ko na wane ne ba. Ga takarda a bakin zane, ta ce lafiya lau yake, ga shi ba shi. Ƙwaryar ta suɓuce, ƙwai suka tarwatse a ƙasa, ba ta ko kalle su ba. Ta juya ta fuskanci daji, ta cika ƙirjinta da iska.

"Jafaru! Jafaruuu!"

Muryar ta tsallaka rafi ta dawo. Can sai ciyawar bakin kwazazzabo ta motsa, mutum ya fito da rarrafe, jikinsa duk laka. Ashe ƙarar babur ɗinsu ya ji ya ɗauka su ne, ya faɗa ramin ya lafe. Ya ji ana "kai", ana "wancan", amma daga cikin rami bai yarda da kunnensa ba. Ya miƙe ya tsaya yana kallonta.

"Inno, ke ce kika kira ni?"

Ta dube shi sosai, ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun yana goye. Sannan ta tuna Ɗanjummai na tsaye a bakin gona, ya juya baya yana ta gyaran madubin babur da ba abin da ya same shi. Ta kwance bakin zane, ta taka har inda yake, ta wuce dutsen da take ajiye tuwo, ta danƙa masa takardar a tafin hannu.

"Yarinyar nan ta Batsari, Allah ya yi mata albarka, ta ce ba ka da komai," ta ce. "Ɗauki takalmanka mu tafi gida. Tabarmar ka bar ta, Sammani ya ce shi zai ɗauko."

Ya sunkuya yana neman takalmi, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ita kuma ta duƙa tana tsince ƙwan da ba su fashe ba. Guda uku ta samu.