Yatsun Gado

Shekara huɗu ke nan da idon Gado ya tafi, kuma duk kasuwar Gadarif ba wanda ya sani. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Hazo ya fara gani, hazon ya yi ta kauri, har mutum ya koma masa inuwa mai magana. To amma mai kayan miya, me zai yi da ido? Barkono hanci ke gane shi, kanwa da busasshiyar kuɓewa hannu ke gane su, masu saye kuwa muryarsu ta ishe shi. Kuɗi kuma ƙarfe ne. Malimi ɗan mitsitsi ne, tarifa bakinta tudu da kwari, shilin ya fi su sanyi. Kafin mai saye ya janye hannu, Gado ya san abin da ya faɗo masa a tafi.

Ba girman kai ya sa yake ɓoyewa ba. Ya ga yadda aka yi da wansa Sharu. Ranar da aka tabbatar Sharu ya makance, 'ya'yansa suka kwashe shi daga kasuwa saboda tsabar ƙauna, suka shimfiɗa masa buzu a zaure. Kunu da safe, tuwo da yamma, ko buta ba a bari ya ɗauka. Shekara biyu ya yi a haka, ba mai tambayarsa ko farashin gishiri, sannan ya cika. Gado na tsoron wannan hutu fiye da kabari. Ga shi ɗansa Kassim, mai noman riɗi a Hawata, ya daɗe yana roƙon ya bar kasuwa ya koma wurinsa.

Sai aka fara cewa hukuma za ta daina buga ƙananan kuɗi, wai abin da ake kashewa a buga malimi ya fi malimin daraja. 'Yan kasuwa suka ce dama sun gaji da ɗinkin aljihu. Gado ya taya su da dariyar yaƙe. Malimi ya ɓace, tarifa ta bi shi, kafin kaka shilin ma sai an yi sa'a. Kaya sun yi tsada, kowa takarda yake miƙowa, rubu'in jine, wato fam, ko rabinsa.

Ita kuwa takarda munafuka ce. In sabuwa ce yakan gane girmanta. Amma wadda ta ratsa hannun mahauta da 'yan gawayi, ta yi laushi kamar tsumma, gefenta ya cinye, an liƙe tsakiyarta, wannan ba ta gaya wa yatsa komai.

Ba dabarar da bai yi ba. Ya kasa kayansa kashi-kashi na rubu'i don kada a nemi canji. Ya koyi tambayar mai saye cikin raha, nawa attajiri ya kawo yau. Yakan ɗaga takarda sama kamar mai neman jabu, har Mahmudu mai gishiri, maƙwabcin rumfarsa, yake tsokanarsa da cewa banki ya yi asarar ma'aikaci. Kullum da faɗuwar gaba yake buɗe buhu, da ita yake ɗaurewa. Ran nan wata mata ta ba shi rubu'i, ya mayar mata da canjin jine guda. Baiwar Allah ta dawo masa da kuɗinsa, sai dai da baki ta dawo, layin kayan miya kaf ya ji. Magana ta hau lori sai Hawata.

Ranar Alhamis bayan azahar, kasuwa ta lafa, Kassim ya iso. Ya durƙusa ya gaida uban, ya ba shi labarin ruwa da na riɗi, ya sake gaishe shi. Gado ya gane gaisuwar nan tana da ciki. Can sai ya ji an sa masa takarda a hannun dama, an sa wata a hagu.

Kassim ya yi ƙasa da murya. "Baba, ka yafe mini. Wacce ce rubu'i, wacce ce rabi?"

Gado ya so ya daka masa tsawa, amma ya ji Mahmudu ya daina awo. In ya ƙi amsawa, ya amsa ke nan. Ya ɗaga takardun sama, ya murza, ya auna gefensu da ɗan yatsa. Ta dama kamar ta ɗan fi faɗi.

"Wannan ce rabi. Raini ya kai ka nan?"

Daga numfashin Kassim Gado ya gane kuka yaron yake yi.

"Duka biyun rubu'i ne, Baba."

Gado ya daɗe riƙe da su. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya fi ta. Daga bisani ya miƙa wa yaron kuɗinsa, ya tambaye shi ko inda za a ajiye shi a Hawata yana kusa da kasuwa.

Kassim ya share ido, ya amsa da saurin mai son faranta wa ubansa rai. Ya ce a'a, can ƙarshen gari ne, shiru, ba mai damunsa.