Ruwa ko Rai

Gumur ya durƙusa a bakin tabarmar Inna Tekna, maƙwabciyarsa, yana kallon yatsarta na jan layi a kan rairayi. Tun da ciwon maƙogwaro ya ɗauke mata murya, da haka take magana da mutanen Timiya. Ta share ƙasa da tafin hannu, ta rubuta abin da take so da Tifinag, rubutun da iyaye mata ke koya wa 'ya'yansu. Harafi biyu ta yi, ɗaya kamar ɗaki mai bango uku, ɗaya sanda a tsaye. Ta ɗago ta dube shi.

Gumur bai yi nisa a makaranta ba, Tifinag ɗin ma rabonsa da shi tun yana bin awaki. Ya haɗa haruffan a bakinsa, "ma" da "na". Rubutun ba ya ɗauke da wasali, mai karatu ne ke sa masa. Kalmar da ta faɗo masa ita ce iman, wato rai.

Ya fita rawaninsa na warwarewa, ya leƙa ta kan danga ya kira matarsa.

"Tahart, Inna ta ce rai zai fita. Aika a kira liman. Ga Azahara ba ta iso ba."

Azahara 'yarsa ce ta fari, tana jami'a a Yamai, tana rubuta littafi a kan matan Azbin masu maganin itatuwa. Bara ta yi damina guda a gindin Inna Tekna tana ɗaukar muryarta a waya. Da aka zo kan haɗin da ake yi wa mai jego, da sunayen matan da Inna ta gaji sanin a hannunsu, sai tsohuwa ta rufe baki. "Sauran sai kin dawo," in ji ta. "In na ba ki duka, wa zai sake kawo mini sukari?" Babu mai sauran nan a duk kwarin sai ita. Yanzu Azahara na hanya, Gumur kuwa tun da ta taso bai ci abin kirki ba.

Kafin a ce me, gida ya cika. Mata sun ja mayafi sun fara sheshsheƙa, liman ya zauna ya ɗaga hannu. Inna Tekna ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta laluba gefen tabarma, ta ɗauko takalminta, ta jefi Gumur a ƙirji.

Tsoho Elkonci, taubashinta, wanda tun suna yara ba su gaisawa sai da tsiya, ya sunkuya kan rairayin. Kafaɗunsa suka fara rawa, yana danne dariya.

"Wane malamin ne ya karanta wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Gumur.

"Aman ta rubuta. Ruwa. Tsohuwa ƙishirwa take ji, ka tara mata gari."

"Ai rai ma haka ake rubuta shi."

"Haka ne. Amma mutum ya ga busasshen leɓe ga salka a rataye, ai ruwa zai fara kawowa kafin liman."

Mai sheshsheƙa ta farko ce ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Liman ya shafa addu'arsa ya ce tun da an taru, a ɗora shayi. Inna Tekna ta shanye akushi guda, ta goge baki, ta sake yin rubutu.

"Ta ce jakinta ya fi ka karatu," in ji Elkonci.

Tahart ta leƙa. "Baba, jaki kawai ta rubuta."

"To da wa kike tsammani take?"

Kashegari da la'asar Azahara ta sauko daga bayan motar albasa, ƙura har gira. Tun kafin ta ajiye jaka yara sun ba ta labarin takalmi. Ta shiga wurin Inna ta dire mata ƙullin sukari. Tsohuwa ta auna nauyinsa a hannu, ta taɓe baki, sannan ta share ƙasa.

Haka aikin ya kama. Inna ta rubuta, Azahara ta ɗauki hoto kafin a share, tsofaffin mata su kewaye su suna gardama a kan wasali. Wadda ta karanta daidai Inna ta gyaɗa mata kai, wadda ta kuskure ta sha mafici a gwiwa. Gumur ya bar lambunsa ga ƙaninsa, yana ta safa da marwa da rumman da dabino.

"Ku bar ta ta huta mana," zai ce. Can an jima kuma, "Azahara, ki ɗan hanzarta, kin ga numfashinta."

"Baba, ka zaɓi ɗaya," in ji ta. "Ko ka zauna in tuna maka haruffan."

Ya zauna. Ya ja rawani ya rufe hanci saboda kunyar matan, yana kwaikwayo da tsinke a gefe.

Ranar da aka gama haɗin mai jego, Inna ta shiga sunaye. Ta fara da kakar kakarta, tana gangarowa, layin bai karkace ba. Ta rubuta nata. A ƙarƙashinsa ta ƙara ɗaya. Gumur ne ya riga kowa haɗa shi, a hankali, harafi bayan harafi.

"Azahara," ya ce, ya dubi 'yarsa. "Na karanta daidai?"

Mafici bai motsa ba.

"Inna, babu saura?" in ji Azahara.

Tsohuwa ta yi ɗan tunani, ta rubuta kalma ɗaya. Elkonci ya leƙa. "Sukari," ya ce. "Wannan karon ban ƙara komai ba."

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Gumur ya shiga gaishe ta. Tana kwance a gefenta, idonta a kansa, akwai wasa a cikinsu. A gabanta ga ɗaki mai bango uku, ga sanda a tsaye.

"Yau kam ba za ki jefe ni ba, Inna," ya ce.

Ya je ya kwance bakin salka, ya cika akushi, ya dawo yana takawa a hankali kada ya zube. Ya durƙusa ya kira ta. Ya sake kira. Yatsarta na nan a kan rairayi, daidai ƙarshen sandar.

Ya jima a durƙushe. Sannan ya rufe mata ido, ya yi salati, ya kira Tahart da Azahara da muryar da ba ta firgita kowa ba. Ruwan ya zuba shi a gindin ɗan rumman da Inna ta dasa a bakin danga. Da ya ji takun mutane na tahowa, sai ya koma ya kife akushin a kan haruffan biyu.