Motar da ke Bayan Ɗakina

Ni dai tun ranar da na fara ganin motar nan jinina bai haɗu da ita ba. Baƙa ce, doguwa sama kamar an ɗora akwati kan amalanke, tayoyinta sirara masu ƙafafun katako, a goshinta kuma ga wani ƙarfe da ake murɗawa kafin ta tashi. Ƙirar Amirka ce, wai ta girmi ubana. Tana tsaye a tsakar gidan Alhaji Othman a unguwar Sharafiyya ta Jidda, inda na kama ɗaki bayan na zo aikin Hajji na ƙi komawa Gumel.

Mahaifin Alhaji ne ya zo da ƙafa daga ƙasarmu, ya yi wa wani attajirin Jidda tuƙi. Da attajirin ya gaji da motar sai ya bar masa. Ya shigo da ita ta babbar ƙofa ya kashe, ba ta ƙara tashi ba. Daga baya Alhaji ya ga irinmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, muna ta neman wurin kwana, ya toshe babbar ƙofar da bulo ya yi ɗaki a gurbinta, ya bar 'yar ƙofar mutum ɗaya a gefe. Ɗakin nan shi ne nawa. Ka ga ke nan motar ba ta da hanyar fita sai ta kan gadona.

Shekara ashirin da wani abu ina ciki, ina suyar ƙosai a bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa ce min ci kanki. Sai Alhaji ya rasu, gida ya koma hannun ɗansa Abdulghaffar, wanda ya tare a bene can unguwar Safa, Hausa a bakinsa kamar mai tauna tsakuwa. Wata Laraba ya zo da turarensa ya ce ya sami mai son mota.

"Khala Tani, bango ne kawai," in ji shi, wai shi Gwaggo Tani da Larabci. "Mu fasa, mu fitar, mu mayar, halas, shi ke nan."

Na ce masa ya raina min hankali. Ɗakin da aka gina ba izinin baladiyya, hukumar gari, idan aka fasa shi da rana tsaka titi na kallo, wa zai bari a sake ɗora bulo? Ya ce in bar masa wannan. Na ce na bar masa da Allah.

Mai sayen ya zo bayan la'asar. Abdulghani sunansa, wani Balarabe mai gida a bakin teku a Abhur, an ce tsofaffin motoci yake tarawa ya jera su yana kallo, aikin wanda ya ƙoshi. Ya zaga motar yana yamutsa fuska. Ina daga ɗaki ina jin yana cewa ya sha ganin irin wannan, a tsinto ƙarafa nan da can a haɗa, a watsa ƙura, a ce ta kaka ce. Abdulghaffar yana ta rantsuwa, shi kuwa har ya fara laluben mukullinsa zai tafi. Daɗi ya kama ni, na ce bari in taimaka masa ya yi saurin tafiya.

Na fito da matsamin ƙosai a hannu, na zuba masa Larabcina na kasuwa. Na ce bawan Allah kada ya jefa kansa, wannan gawa ce. Tunda nake gidan nan ko bakanike ɗaya bai taɓa leƙa cikinta ba. Fentin da yake gani ya daddare, shi ne dai wanda ta zo da shi, don masu gidan ba sa iya sayen ko gwangwani guda. Fatar kujera ta tsage, kyanwata ta haihu a kai ba sau ɗaya ba. Rufin tamfol ne ya ruɓe, fitilun sun yi kore, hon ɗin wata roba ce da ta bushe, in ka matsa sai ta yi tusa.

Mutumin ya mayar da mukullinsa aljihu. Ya tambaye ni ko an taɓa sauya mata wani abu, ko da ƙusa. Na ce wa zai ɓata ƙusarsa. Ya ce zan iya rantsewa? Na rantse da Allah har da dukan ƙirji, ina harar Abdulghaffar. Sai ya ɗaga murfin inji ya haska tocila, ya goge wata lamba da gefen rawaninsa, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya shiga shafa fitilar nan mai tsatsa kamar kan jariri.

"Mai sayarwa ban yarda da shi ba," in ji shi. "Amma ke da ba ki son a saya, na yarda da ke. Na saya."

Abdulghaffar ya rungumo ni ya sumbaci kaina. Wallahi da man suyar yana kusa da na watsa masa. Ban taɓa jin haushin bakina irin na ranar ba.

Da safe leburori suka zo da guduma. Suka watso kayana tsakar gida, tukwane da katifa da buhun wake, ba mai kallon inda suka faɗi. Ita kuwa gimbiya mota aka naɗe ta da barguna, aka shimfiɗa mata katako a daɓen ɗakina, Abdulghani yana bin ta yana roƙon a yi a hankali. Jama'a suka cika titi, har motar 'yan sanda ta tsaya kallo. Duk mu marasa takarda muka haye soro muka lafe. Ta can na leƙo na ga an turo ta ta inda nake sallah, aka ɗora ta kan babbar mota aka tafi.

Kafin azahar mutumin baladiyya ya iso, ya ce nan ƙofa ce a taswirar gida, ƙofa kuma za ta zauna. Abdulghaffar bai ko yi gardama ba. Cikin mako ya sa ƙofar ƙarfe, ya ba wani ma'aikacin banki hayar wurin yana ajiye motarsa. Ni kuma Rabi'a maƙwabciyata ta ba ni gefen barandarta, inda ko ƙafa ba na iya miƙewa.

Na tare Abdulghaffar a bakin gida na zage shi tas, da Hausa, don ya ji rabi ya nemi fassarar rabi. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce ai bai manta da ni ba. Ya roƙi ɗan hayar, an yarda idan ya fita aiki in shiga in yi suyata in ɗan kishingiɗa, muddin ban ɗiga mai a ƙasa ba.

Na so in tofa masa yawu. Amma ina zan je, da tsufana, ba takarda? Yanzu kullum da hantsi nakan shimfiɗa tabarma daidai inda gadona yake. Da la'asar mai mota ya dawo ya danna hon, in naɗe in fita. Idan gwiwa ta riƙe ni ban tashi da wuri ba, sai ya ƙara dannawa.