Jijiyar da Inji Ke Gani

Ku gafarce ni da na ɗauki biro. Ni Ƙauna mai karanta na wasu ce, ban taɓa rubuta nawa ba. Abin ne ya ƙi barina.

Tun da hawan jini ya kayar da Baba a gonarmu ta Kagoro, bai sake magana ba. Muka dawo da shi Kafanchan, kusa da asibiti. Yana wuni a kujera, ido buɗe, Mama kuwa tambaya ɗaya take yi wa kowa: yana jinmu? Likita ya ce haƙuri. Fasto ya ce addu'a.

Da Kirsimetin 1994 Fabian ya zo hutu. Ɗan maƙwabciyarmu Mama Ugomma ne, 'yan reluwe, a layinmu ya girma kafin ya tafi karatu ƙasar waje. Uwarsa ta riga ta cika unguwa da labarin wani injin maganaɗisu da yake aiki da shi, wai in mutum ya yi tunani sai wurin da ke aiki a kansa ya haska a hoto.

"Fabian, ɗana, ka yi ƙiba, ka zama buhun citta!" in ji Mama da ya shigo gaisuwa. Ko zama bai gama yi ba ta ce, "Injin nan naku, me yake gani?"

"Jijiyoyin kai, Mama."

Ta tafa hannu. Rabona da ganin haƙoranta tun kafin girbi. "Yauwa! Likita ma jijiya ya ce. A sa shi ciki, a kira sunana, mu gani ko ya san ni."

Fabian ya sosa ƙeya. "Hausa ta cuce ni, Mama. Jijiyar iri biyu ce. Akwai mai kai saƙo, ta ji da tunani. Akwai ta jini. Ta jinin injin ke bi. Inda ƙwaƙwalwa ke aiki jini yakan ruga can, shi ne hasken."

"To, ba duk ɗaya ba ne?"

"Ga mai lafiya. Na Baba wasu sun toshe, wasu sun tsuke. Zai iya jin sunanki sarai, jinin ya makara ko ya kasa isa, hoton ya fito da duhu. Mu ce babu kowa, alhali yana nan."

"In kuma da gaske ba ya nan fa?"

"Duhun iri ɗaya ne, Mama."

Mama ta juya wajen Baba. Sannan ta durƙusa gaban kujerar, ta kama hannun da ya mutu.

"Baban Ƙauna, Angelina ce. Ka ji abin da yaron nan ya faɗa?"

Miyau ya gangaro daga gefen bakin Baba. Ta goge da bakin zanenta, ta sake tambaya, da ƙarfi. Fabian yana ta kallon takalminsa.

Na ajiye ruwan da na kawo wa baƙo a ƙasa, na bi jikin bango, na fice ta ƙofar baya. Babu wanda ya ɗaga kai.